Wai da gaske Turanci Latin ne ya lalace? Kuma me ya raba rubutunsa da furucinsa?

MalamarTuranci:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce da ni ga masana harshe da tarihi. Ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandare, kuma yara ba sa gajiya da tsare ni da tambaya iri ɗaya. Me ya sa ake rubuta knife da k alhali ba a furta ta? Me ya sa though, through, tough da cough duk suka ƙare da haruffa iri ɗaya, amma kowacce da nata furucin? Amsar da aka ba mu muna ɗalibai ita ce "haka yake, ku haddace". Ba na so in ci gaba da gadar wa yara wannan amsa. Wani abokin aikina ya ce dalilin shi ne Turanci ba shi da asali nasa na kansa, Latin ne ya lalace aka yi masa faci da Faransanci. Hausa kuwa yadda ka faɗa haka za ka rubuta. Don Allah wanda ya san tarihin abin ya warware mana.

Abban_Khadija:
Wa alaikumus salam Malama. Ina ganin abokin aikinki ya yi gaskiya. Buɗe ƙamus ki duba, fiye da rabin kalmomin daga Latin ko Faransanci suka fito. Kuma ai Rumawa sun mulki Birtaniya ɗaruruwan shekaru. Daga ina kuma zai fito in ba daga can ba?

MaiTarihi_Zariya:
Abban Khadija, lissafinka na ƙamus daidai ne, amma hukuncin da ka yanke da shi bai zauna ba. Ba da yawan kalmomin aro ake gane dangin harshe ba. Ana duba nahawunsa da kalmomin da mutum ba ya wuni bai faɗa ba: uwa, uba, ruwa, gida, hannu, ci, sha, ƙidaya. A nan Turanci ɗan'uwan Jamusanci ne da harshen mutanen Holan. Water da Wasser, house da Haus, hand da Hand, bread da Brot. Wanda ya fi kusa da shi a nahiyar Turai shi ne Frisian, da ake yi a arewacin Holan.

Rumawa kam sun mulki Birtaniya, daga shekara ta 43 miladiyya zuwa wajen 410. Sai dai a lokacin babu Turanci a tsibirin ko kaɗan. Mutanen da Rumawa suka tarar harsunan Celtic suke yi, kakannin harshen Welsh da har gobe ake yi a yankin Wales. Bayan sojojin Rum sun janye ne wasu ƙabilu suka riƙa tsallako teku daga arewacin Jamus da Danmak na yau: Angles, Saxons da Jutes. Su suka zo da yaren da ya zama Turanci. Sunan England ma daga Angles ya samo asali, wato ƙasar Angles. An saba sa 449 a matsayin shekarar zuwansu.

Latin ya shigo musu sosai ne ta hanyar addini, bayan Augustine ya sauka Canterbury a 597 yana wa'azin Kiristanci. Da coci aka samu haruffan Latin da kalmomi irin su school, candle da altar. To kin ga Malama, baƙo ne ya shigo gidan, ba shi ya haifi mai gidan ba.

Ummu_Aiman:
Malam MaiTarihi, ƙarin bayani kan 449. Daga littafin tarihin da wani malamin coci mai suna Bede ya kammala a 731 aka ɗauko ta, kusan shekara 300 bayan faruwar abin. Masu tonon kayan tarihi suna ganin hijira ce da ta ɗauki tsawon lokaci, rukuni bayan rukuni, ba saukar rana ɗaya ba.

Abin da nake so Malama ta faɗa wa yaranta shi ne, wannan tsohon Turancin Baturen yau ba ya iya karanta shi sai ya koya kamar baƙon harshe. Akwai doguwar waƙar jarumta da ake kira Beowulf, layi sama da 3,000, kwafi ɗaya tak ya tsira, yana ɗakin karatu na British Library a Landan. Ka miƙa wa ɗan Landan ita ba zai kai ƙarshen layi na farko ba. Sunaye a lokacin jinsi uku ne, kuma ƙarshen kalma yana sauyawa gwargwadon aikinta a jimla, kamar yadda i'irabi yake a Larabci. Akwai ma haruffan da suka ɓace, irin su þ da ð, waɗanda th ta maye gurbinsu.

Baƙo_a_Yorkshire:
Ni a arewacin Ingila nake aiki, kuma abin da za ku faɗa a gaba a kan allunan hanya nake ganinsa kullum. Whitby, Selby, Grimsby, Derby. Wannan "by" ɗin a harshen Vikings ƙauye ne ko gona. Su Vikings daga Danmak da Norwe suka fito, sun fara da kai hari a tsibirin Lindisfarne a 793, daga baya suka zauna suka mamaye gabas da arewa. Sarki Alfred na Wessex ne ya tsayar da su, aka raba ƙasa, nasu ɓangaren aka kira shi Danelaw.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne irin kalmomin da suka bari: sky, egg, skin, leg, take, window. Har they, them da their nasu ne. Harshe kan ari sunan kaya cikin sauƙi, amma ya ari wakilin suna? Sai an yi zaman tare da auratayya mai zurfi. Wasu masana ma suna ganin wannan cuɗanya ce ta taimaka wajen zubar da i'irabin da Ummu Aiman ta ambata, domin harsunan biyu 'yan'uwa ne, saiwar kalma ɗaya ce amma ƙarshenta ya bambanta, sai mutane suka riƙa yar da ƙarshen don su fahimci juna.

Har yau tsofaffin nan in suna hira tsakaninsu sai na kasa kunne sosai. Yaro ma bairn wasu ke ce masa.

Sadauki_Jos:
To ina Faransancin ya shigo? Don ni shi nake jira.

MaiTarihi_Zariya:
Sadauki, 1066. Duk ɗan makarantar Ingila ya haddace wannan shekara. William, mai mulkin Normandy a arewacin Faransa, ya ƙetaro da runduna ya ci Sarki Harold a yaƙin Hastings, ya hau gadon sarauta, ya raba filaye da manyan muƙaman coci ga mutanensa. Daga nan fada da kotu da gidajen masu hannu da shuni suka koma Faransanci, coci da manyan takardu Latin. Turanci ya zama yaren manomi, bara da mai tallan kasuwa. Sama da shekara 300 sarakunan Ingila ba Turanci ne harshensu na farko ba. Wannan nake so 'yan'uwanmu masu ganin kamar da girma aka halicci Turanci su riƙe: an yi zamanin da mai son ya ci gaba a Ingila sai ya koyi harshen waɗanda suka ci ƙasarsa da yaƙi.

Ku dubi inda aron ya taru. Mulki: government, parliament, crown. Shari'a: court, judge, jury, prison. Yaƙi: army, soldier, battle. Sai misalin da aka fi bayarwa: dabba tana garke sunanta na Turanci ne, cow, sheep, calf, in ta hau teburin mai gida ta koma beef, mutton, veal, na Faransanci.

Yadda ya farfaɗo kuwa, abubuwa ne suka taru. A 1204 Sarki John ya rasa Normandy, sai manyan Ingila suka fara ganin kansu 'yan Ingila. A 1337 aka shiga dogon yaƙi da Faransa wanda bai ƙare ba sai 1453, Faransanci ya zama harshen abokin gaba. A 1348 annoba ta shigo ta kashe wajen kashi ɗaya cikin uku na jama'a ko fiye, ma'aikata suka yi ƙaranci, talaka mai Turanci ya yi daraja. A 1362 aka yi doka cewa a riƙa yin shari'a da Turanci saboda mutane ba sa gane abin da ake faɗa a kansu a kotu, kuma ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Henry na Huɗu da ya hau mulki a 1399 shi ake ɗauka sarki na farko tun bayan 1066 da Turanci ne harshen da ya tashi da shi. A wannan zamanin ne Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi waƙoƙinsa da Turancin Landan.

Ummu_Aiman:
Batun cow da beef a riƙa sassautawa, Malam. Yana da daɗin faɗa a aji, amma rabuwar ba nan take ta faru ba. An daɗe ana kiran dabbar mai rai da sunan Faransancin ma, sai a hankali kowace kalma ta kama gurbinta. Asalin kalmomin dai yadda ka faɗa ne.

AlmajirinNahawu:
Ni abin da Malam ya zayyana bai zame mini baƙo ba. Mu dubi namu. Alƙali, shari'a, hukunci, shaida, littafi, alƙalami, darasi, Litinin, Talata, ashirin, talatin, duk Larabci ne, kuma ta ƙofar addini da mulki da ilimi suka shigo. Amma ba wanda zai ce Hausa Larabci ce ta lalace, harshe ne na dangin Chadi mai nahawunsa. Haka nan Turanci da Faransanci.

Kuma kada a manta Larabci ma yana da rabo a Turanci. Algebra daga al-jabr ne, cikin sunan littafin al-Khwarizmi da ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9, algorithm kuma sunan shi malamin ne aka lanƙwasa. Sugar daga sukkar, cotton daga ƙutn, magazine daga makhazin wato rumbunan ajiya, admiral daga amir, zero daga sifr. Yawancinsu ba kai tsaye suka je ba, sun bi ta Andalus da Italiya da Faransa tare da fatake da littattafan da aka fassara.

Abban_Khadija:
Na ji bayananku, amma ni har yanzu ina ganin harshen da ya ari fiye da rabin kalmominsa ya wuce a ce masa mai aro kawai. Ko a ce ɗan Jamus ne, ai a hannun Faransa ya girma.

MalamarTuranci:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru matuƙa. Sai dai ku dawo da ni kan k ɗin knife da "ough", don ranar Litinin yaran nan za su sake tambaya.

Ummu_Aiman:
To Malama, a taƙaice rubutun ya tsaya ne wuri ɗaya, baki ya ci gaba da tafiya.

A zamanin Chaucer k ɗin knife, knee da knight ana furta ta, haka w ɗin write, haka g ɗin gnaw. Sai wajen ƙarni na 17 aka daina furta su. Jamusawa har yau suna furta k a Knie, wato gwiwa. Ita kuwa gh sauti ne na maƙogwaro mai kama da خ ta Larabci, kin ji shi a Nacht na Jamusanci, wato night. Da sautin ya mutu a Turancin kudancin Ingila, hanya biyu ya bi: a wasu kalmomi ya ɓace gaba ɗaya, kamar though da through, a wasu ya rikiɗe ya zama f, kamar tough, cough da laugh. Haruffan suka zauna inda suke.

Babban abin da ya fi rikita lamarin shi ne sauyin da ya sami dogayen wasula tsakanin wajen 1400 da 1700. Kusan dukkansu suka gusa daga inda ake furta su. Time da can kusan "tiim" ake cewa, house "huus", name "naam" da ɗan wasali a ƙarshe. Shi ya sa harafin i a Hausa, Faransanci da Italiyanci yake "i", amma Bature ya ce "ai". Su ne suka kauce, ba mu ba. Dalilin wannan sauyi har yau masana suna jayayya a kai.

Ana tsakiyar wannan ne William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, a Westminster, 1476. Da aka fara buga littafi ɗaruruwa iri ɗaya, sai rubutu ya fara daskarewa a kan furucin da ake barinsa. Wasu ma'aikatansa daga yankin Flanders suka zo, kuma ana danganta h ɗin ghost da al'adar rubutun harshensu.

Na ƙarshe shi ne aikin malamai masu ƙaunar Latin. Debt da doubt sun shigo daga Faransanci ba tare da b ba, dette da doute. Sai aka cusa musu b don a nuna sun fito daga debitum da dubitare na Latin, ba a taɓa furta ta ba. A island abin ya fi muni: kalmar tsohon Turanci ce, ba ta da alaƙa da insula na Latin, aka zaci tana da ita aka liƙa mata s. A nan kam abokin aikinki yana da ɗan abin kamawa, Latin ya taɓa rubutun, amma ta hannun masu gyara.

Baƙo_a_Yorkshire:
Shi kansa Caxton ya koka. A gabatarwar wani littafi da ya buga a 1490 ya ba da labarin wasu fatake da jirginsu ya tsaya a gaɓar Kent. Ɗayansu ya tambayi wata mata egges, ta ce ita ba ta jin Faransanci. Ransa ya ɓaci, don shi ma ba ya ji. Sai da wani ya ce eyren sannan ta gane ƙwai ake nema. Egges ta arewa ce, gadon Vikings, eyren ta kudu. Caxton ya ce to wanne mutum zai rubuta? Ƙarshe dai karin Landan ya rinjaya don can fada da kasuwa da injin bugu suke, amma a wannan kalmar ta arewa ce ta ci.

Sadauki_Jos:
To tunda sun san matsalar, me ya hana su zauna su gyara? Ai ba a rasa masana ba.

MaiTarihi_Zariya:
Wa zai kira zaman? Faransa ta kafa hukumar kula da harshenta tun 1635. A Ingila marubuci Jonathan Swift ya nemi a yi irinta a 1712, ba a yi ba, kuma har yau babu. Abin da ya daidaita Turanci littattafai ne da mutane suka yarda da su: fassarar Baibul ta Sarki James a 1611 da aka riƙa karantawa a kowace coci, da ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 mai kalmomi sama da 40,000. Johnson bai ƙirƙiro sabon tsari ba, yawanci abin da ya tarar ana rubutawa ya tabbatar.

Wanda ya yi gyara ya ɗan karɓu shi ne Noah Webster a Amurka, da ƙamus ɗinsa na 1828. Shi ya yaɗa color a maimakon colour, center a maimakon centre, kuma da niyyar Amurka ta bambanta da tsohuwar uwargijiyarta ya yi. Wasu shawarwarinsa da suka yi nisa mutane sun ƙi su. Yanzu kuma in za a gyara, furucin wa za a bi? Na Landan, na Texas, na Delhi ko na Legas?

TsohonHedimasta:
'Ya'yana, ina bin ku tun farko. Malama, akwai maganarki ɗaya da ban yarda da ita ba, cewa Hausa yadda ka faɗa haka za ka rubuta. Rubuta mini gari. Wanne kike nufi, wanda ake zama ko wanda ake tuƙa tuwo? Rubuta fari, launi ne ko rashin ruwan sama? Bokonmu ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Mu da muka sha a nono muna ganewa daga jimla, baƙo kuwa yana shan wuya. Kuma in ya fi na Turanci tsari, don yaro ne. Haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930 suka zauna, an sake zama a kansu a Bamako a 1966. Ku ba shi shekara 500 baki yana tafiya, ku gani.

Abin da ya taɓa ni shi ne maganar MaiTarihi, cewa Turanci ya taɓa zama yaren da ake rainawa a ƙasarsa. A makarantar kwana da na yi, in aka kama ka kana Hausa sai a rubuta sunanka cikin masu yin "banakula", ranar Asabar ka yi yankan ciyawa. Da na zama malami na ga ana yi wa yara haka, wasu har suka daina buɗe baki a aji gaba ɗaya. Da an gaya mana wannan tarihi a lokacin, da mun koyi harshen da natsuwa, ba da tsoro ba. Kuma a sani, makarantar da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara koyarwa. Turanci ya yi ƙarfi ne daga baya, musamman da Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920.

Dan_Maradi:
Ranka ya daɗe Baba Hedimasta, mu ma a Nijar an yi mana irinta a lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci. Akwai abin da ake kira symbole, wani ƙashi ko katako da ake rataya wa yaron da ya yi Hausa ko Zabarmanci, shi kuma ya yi ta fakon wani don ya sauke masa. Wanda ya wuni da shi ya sha hukunci. Abin da nake so 'yan Najeriya su lura: ni da ɗan Katsina harshenmu ɗaya, dangi ɗaya, amma shi ya ce biro ni in ce bik, shi ya ce tica ni in ce mushe. Ba wanda ya zaɓa, iyaka ce Turawa suka ja. A 2025 sabon kundin ƙasarmu ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Matasa da yawa a nan yanzu Ingilishi suke nema saboda kasuwanci da intanet.

Sadauki_Jos:
Amma a faɗi gaskiya, yaɗuwar Turanci har da sauƙinsa. Ba namiji da mace a kan tebur da kujera kamar Faransanci, aikatau ba ya yawan sauyawa. Shi ya sa duniya ta karɓe shi.

MaiTarihi_Zariya:
Sadauki, a nan na saɓa da kai ƙwarai. Latin ya fi Turanci wahalar nahawu nesa ba kusa ba, ya mallaki Turai sama da shekara dubu. Larabci da i'irabinsa ya tashi daga Hijaz ya kai Andalus. Sauƙi bai taɓa ɗaukar harshe ya ƙetare teku da shi ba. A zamanin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, masu Turanci miliyan kaɗan ne, kusan duk a tsibiri ɗaya, kuma nahawun nan mai sauƙi yana nan tun lokacin. Abin da ya sauya jiragen ruwa ne da bindiga da kasuwanci. Turawan Ingila sun kafa kamfanin kasuwanci na East India a 1600. Sun kafa garin Jamestown a Amurka a 1607. Sun fara zama a Ostireliya a 1788. A 1835 wani jami'in Birtaniya mai suna Macaulay ya rubuta takardarsa da ta sa aka karkata kuɗin ilimi a Indiya zuwa karatun Turanci. Mu nan sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya Faransanci ne harshen diflomasiyya, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ce aka rubuta da harsunan biyu. Da daular Birtaniya ta fara rushewa bayan 1945, Amurka ta karɓa da dala, finafinai, jiragen sama, daga baya kwamfuta. Yau masu yinsa sun haura biliyan ɗaya, kuma waɗanda suka koya sun ninka waɗanda aka haifa da shi.

Zango_Kumasi:
To in mu muka fi yawa, ai mu ma muna da ta cewa a cikinsa. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, har da okada, danfo, next tomorrow da Kannywood. Daga baya suya ma ta shiga. BBC ta buɗe sashen Pidgin a 2017. Nan Ghana muna da namu salon, wanda ɗan Najeriya yana ji zai gane ba nasa ba ne. Faransanci da Sifaniyanci ai Latin ɗin kasuwa ne da malamai suka raina, yau ga su da ƙamus da jami'o'i. Ina ganin broka ma hanyar da ta kama ke nan.

TsohonHedimasta:
Ɗana na Kumasi, a bi a hankali. Latin ya rarrabu ne lokacin da daula ta faɗi, hanyoyi suka yanke, yawancin mutane ba sa karatu. Yau yaro a Funtuwa da yaro a Manchester bidiyo ɗaya suke kallo a waya. Kuma mai gyaran takardar WAEC ba ruwansa da abin da Oxford ta shigar, in yaro ya rubuta next tomorrow zai ja masa jan layi. Kada mu ruɗi yara.

Ummu_Aiman:
Baba, gaskiya ne game da jarrabawa. Amma ana iya gaya wa yaro cewa wannan na takarda ne, wancan na hira ne, ba tare da an ce masa nasa ƙazanta ba ne. Ɗan Yorkshire ma da bairn ɗinsa ba ya rubuta ta a jarrabawa.

MalamarTuranci:
Abin da na tsara shi ne in rubuta knife, knee da knight a allo, in sa su furta da k ɗin yadda ake yi a da, sannan in gaya musu lokacin da aka daina. Ina ganin wanda ya furta ta da bakinsa ba zai manta da ita a rubutu ba. Abokin aikina kuma na nuna masa bayananku, ya ce shi yana tare da Abban Khadija.

Abban_Khadija:
Ki gaishe shi. Kuma ina da tambaya ga Ummu Aiman da MaiTarihi: in nahawu ne ma'auni, ku da kanku kun ce i'irabin ya zube, jinsi ya zube, jerin kalmomi a jimla ya sauya. To me ya rage na Jamusancin ban da kalmomin cikin gida?

Ummu_Aiman:
Da yawa. Sing, sang, sung da drink, drank, drunk, Jamusanci yana da singen, sang, gesungen da trinken, trank, getrunken, Faransanci ba shi da wannan tsari. Man da men, foot da feet, haka Mann da Männer, Fuß da Füße. Good, better, best, Jamusanci gut, besser, best. Siffa kafin suna, da 's ta mallaka, da will, shall, can, must, duk gadon can ne. Gwada ka gina jimla ɗaya cikakkiya da kalmomin asalin Faransanci zalla, ba the, ba and, ba is, ba of, ka turo mana nan.

Abban_Khadija:
Zan gwada in na taso daga kasuwa. Amma batun jerin kalmomi ba ki amsa ba, don Bajamushe yana jefa aikatau ƙarshen jimla, Bature ba ya yi.